Yadda Ake Tura Saƙon Bidiyo Ga Jama'a Da Yawa Ta Dandalin Tura Tes

Masu sana'a, masu makarantu da shugabannin ƙungiyoyi sun yi ta yi mini tambaya iri ɗaya: ga lambobin mutanena, ga bidiyo a waya, ta yaya zan tura musu gaba ɗaya ta tes? Wasu ma sun riga sun gwada. Ko dai bidiyon ya ƙi tafiya, ko ya isa a dushe har ba a gane fuskar mai magana, ko kuma kiredit ya ƙare saƙon bai kai ga rabin mutanen ba.

Abin yana yiwuwa, kuma ba sai ƙwararre ba. Sai dai ka sa a ranka tun yanzu cewa hanyar tes ƙunci gare ta, ba a gina ta don manyan fayiloli ba. Rabin aikin da za ka yi na rage wa bidiyon nauyi ne, sauran rabin kuma na tabbatar da cewa ya isa hannun waɗanda suke son ganinsa, a yanayin da zai buɗu.

Kayan aikin ba su da yawa: waya mai kyamara, kwamfuta idan da hali, asusu a wani dandalin tura saƙo da yawa, manhajar matse bidiyo kamar HandBrake ko FFmpeg (dukansu kyauta ne), jerin lambobi a Excel ko Google Sheets, da wayoyin gwaji aƙalla biyu, Android ɗaya da iPhone ɗaya.

1. Zaɓi hanyar da bidiyon zai bi

Hanya biyu ce. Ta farko, ka liƙa bidiyon a jikin saƙon, ya tafi a matsayin MMS, mutum ya buɗe tes ya tarar da shi a ciki. Ta biyu, ka ɗora bidiyon a intanet, ka tura SMS ɗauke da mahaɗin da za a latsa a je a kalla.

Kada ka ɗauki kyamara kafin ka yanke wannan shawara, domin ita za ta faɗa maka tsawon bidiyon da kuma kuɗin da za ka kashe. MMS ya dace da abin da bai wuce daƙiƙa 15 zuwa 20 ba: gaisuwa, gayyata, nuna sabon kaya guda ɗaya. Duk abin da ya kai minti, mahaɗi ne maganinsa.

Akwai kuma ta uku wadda ta haɗa biyun, kuma ita na fi ba mutane shawara: ka tura hoto ɗaya mai kyau daga cikin bidiyon, ko GIF (hoto mai motsi) na 'yan daƙiƙu, ta MMS, sannan ka sa mahaɗin cikakken bidiyon a ƙasa. Hoton ya ja ido, mahaɗin ya kai mutum inda zai kalla da kyau. GIF dai ba ya ɗaukar murya, ka tuna da wannan.

Gargaɗi: ba kowace ƙasa ce dandamali ke iya tura MMS zuwa cikinta ba. Manyan dandamali sun fi tallafa masa ga lambobin Amurka da Kanada. A ƙasashe da yawa SMS kaɗai ke tafiya, wasu dandamalin kuma, kamar Twilio, suna da tsarin da ke mayar da MMS ɗin ya zama SMS mai mahaɗi idan layin mai karɓa bai ɗauka ba. Ka binciki wannan game da ƙasar da mutanenka suke kafin ka biya ko sisi. In ka tarar MMS ba ya zuwa can, tsallake mataki na 5, ka tafi da mahaɗi kai tsaye.

2. Buɗe asusu ka yi rajistar lambar turawa

Dandamalin suna da yawa: Twilio, SimpleTexting, EZ Texting, ClickSend da sauransu. Twilio ya fi karkata ga masu rubuta manhaja, sauran kuwa suna da shafi mai sauƙi da kowa zai iya amfani da shi. Abin da za ka duba kafin ka zaɓa: shin yana tura MMS zuwa ƙasar da kake so, wane irin fayil yake karɓa kuma nauyi nawa, yana cire waɗanda suka ce a daina tura musu da kansa, kuma yana ba ka mahaɗi mai ɗauke da sunanka.

Daga nan sai lambar da saƙon zai fito daga cikinta. Akwai lambar waya ta yau da kullum, akwai lambar kira kyauta, akwai gajeriyar lamba mai alƙaluma 5 ko 6 wadda ta fi sauri kuma ta fi tsada. A wasu ƙasashe ana yarda ka sa sunan sana'arka a madadin lamba, haruffa 11 iyaka. Sunan yana da kyan gani, amma ba a iya amsa masa, kuma ba a amfani da shi a Amurka da Kanada.

Gargaɗi: rajista tana ɗaukar lokaci. Mai tura wa lambobin Amurka da lamba ta yau da kullum sai ya yi rajistar 10DLC, inda zai bayyana ko shi wane ne, irin saƙon da zai riƙa turawa, da yadda ya sami izinin mutane. Lambar kira kyauta ma sai an tantance ta. Saƙon da ya fito daga lambar da ba ta da rajista, kamfanonin sadarwa toshe shi suke yi. Tantancewar kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Ba a fafe gora ranar tafiya: idan taronka makon gobe ne, ka riga ka makara, don haka fara da wannan tun bidiyon bai samu ba.

3. Nemi izini, sannan ka tsaftace jerin lambobi

Wannan ne wurin da nake so a fi tsayawa. Samun lambar mutum daban, yardarsa ka tura masa talla daban. Ka tura wa waɗanda suka nuna amincewa kawai, ko ta cike fom, ko ta tura wata kalma zuwa lambarka, kuma ka adana shaidar ranar da suka amince. A Amurka dokar TCPA ta 1991 ta ba wanda aka tura wa saƙon talla ba da izini ba damar neman dala 500 a kan kowane saƙo, har zuwa 1,500 idan da gangan aka yi. A Tarayyar Turai dokar GDPR, wadda ta fara aiki a 2018, ta ɗaure yadda ake tara lambobin mutane da amfani da su. Ƙasashe da dama suna da irin tasu, ka san ta inda mutanenka suke. Ko da babu doka, sayen jerin lambobi asarar kuɗi ce. Wanda bai san ka ba ba zai buɗe bidiyonka ba, zai dai kai ƙarar lambarka, kuma in ƙorafi ya yi yawa za a rufe ta.

Wajen shirya jerin, kowace lamba ta fara da alamar tarawa da lambar ƙasa, ba tare da sifilin farko, tazara ko ɗan layi ba. Ka ware gida ɗaya don lamba, ɗaya don suna. Ka cire waɗanda suka maimaitu, domin kowace maimaituwa kuɗi ne sau biyu da ɓacin rai ga mai karɓa. Ka cire lambobin wayar tebur. Sannan ka adana fayil ɗin a matsayin CSV mai tsarin UTF-8, don kada sunaye masu ɗ da ƙ su rikiɗe su koma alamun tambaya.

Gargaɗi: Excel yana da ɗabi'ar ɗaukar lambar waya a matsayin lissafi. Zai cinye alamar tarawa, ya jefar da sifili, ko ya mayar da doguwar lamba wani abu mai E a tsakiya. Kafin ka zuba lambobin, ka mayar da gidan nasu na rubutu ne, ba na lissafi ba. Bayan ka adana, buɗe fayil ɗin da Notepad ka gani da idonka.

4. Ɗauki bidiyon da zai jure matsa

Ka ɗauka da sanin cewa za a matse shi sosai. Waya a tsaye, tunda a tsaye za a kalla. Ka kafa ta a kan wani abu kada hannu ya riƙa rawa. Bayanka ya zama fili, bango ko labule, ba titi mai zirga-zirga ko bishiya mai kaɗawa ba. Dalili shi ne manhajar matsewa tana adana abin da ya canza ne daga firem zuwa firem (hotunan da ke bin juna su zama bidiyo), don haka duk abin da ke motsi a bayanka yana cin rabon da ya kamata fuskarka ta samu. Haske ya fito daga gabanka. Bidiyon da aka ɗauka cikin duhu yana cike da ɗige-ɗige, kuma su ma nauyi ne.

Ka faɗi abin da ya kawo ka a daƙiƙa uku na farko. Doguwar sallama da gabatar da kai su koma cikin rubutun saƙon. Mutane da yawa za su buɗe ba tare da murya ba, saboda haka ka sa muhimman kalmomi a kan bidiyon da manyan haruffa. Ƙananan rubutu sukan narke bayan an matse.

Gargaɗi ga masu iPhone: wayar takan adana bidiyo da tsarin HEVC, wanda wasu wayoyi da wasu dandamali ba sa buɗewa. Shiga saitin kyamara, sashen Formats, ka zaɓi Most Compatible kafin ka ɗauka.

5. Matse shi ya shiga MMS

Minti ɗaya na bidiyon waya mai ingancin 1080p kan kai megabait 60 ko fiye. Twilio, alal misali, yana karɓar saƙon da bai wuce megabait 5 ba, amma kada wannan ya ruɗe ka. Kamfanin sadarwar da zai miƙa saƙon ga wayar yana da tasa iyakar, galibi ƙasa da haka sosai, kuma kowane kamfani da tasa. Abin da ya wuce iyakar, ko dai su ƙara matse shi da kansu ba tare da tausayi ba, ko su yar da shi. Tunda mutanenka ba a layi ɗaya suke ba, ka auna da mafi ƙuncinsu. Ka nemi fayil ɗin ya tsaya ƙasa da kilobait 600.

Ga lissafin, mai sauƙi ne. Kilobait ɗaya kilobit 8 ne, don haka kilobait 600 sau 8 ya ba ka kilobit 4,800. Raba shi da tsawon bidiyon. Idan daƙiƙa 20 ne, kana da kilobit 240 a kowace daƙiƙa, na hoto da murya a haɗe. Ba murya 48, hoto ya ɗauki 180, ragowar ka bar shi rara. Idan ka ja bidiyon ya kai daƙiƙa 40, rabon ya koma 120, kuma a nan ne fuska take fara dushewa. Shi ya sa na ce yanke tsawo ya fi kowace dabara. Daƙiƙa biyar da ka cire a farko da ƙarshe sun fi maka awa guda kana juya saiti.

A HandBrake, ka buɗe fayil ɗin, ka zaɓi MP4, tsarin hoto H.264, murya AAC. Rage faɗi zuwa 360, tsayi ya bi shi ya zama 640. Firem 15 a daƙiƙa ya isa ga mutum mai magana. A gidan Avg Bitrate ka rubuta 180, muryar kuma ka mayar da ita mono a kan 48. Mai amfani da FFmpeg zai iya yin duka da layi ɗaya, inda asali.mp4 shi ne sunan fayil ɗinka, sabo.mp4 kuma wanda zai fito:

ffmpeg -i asali.mp4 -vf scale=360:-2 -r 15 -c:v libx264 -profile:v baseline -pix_fmt yuv420p -b:v 180k -c:a aac -b:a 48k -ac 1 -movflags +faststart sabo.mp4

Idan ya gama, duba nauyin. In ya haura, rage 180 zuwa 160 ka sake. In har yanzu bai shiga ba, koma ka yanke tsawo.

Gargaɗi: kullum ka matse daga fayil na asali. Bidiyon da ya riga ya bi ta WhatsApp ko wani wuri an matse shi sau ɗaya, in ka ƙara matsa shi lalacewar ninkuwa take yi. Kuma sauya sunan fayil daga .mov zuwa .mp4 da hannu ba ya canza abin da ke cikinsa.

6. Ɗora cikakken bidiyon, ka gyara mahaɗinsa

Idan da mahaɗi za ka tafi, ka ɗora bidiyon a YouTube, Vimeo ko shafinka. A YouTube ka sa shi Unlisted idan ba ka so ya fito a bincike, wato duk mai mahaɗin zai iya kallo. Private kuwa zai rufe wa mutanenka ƙofa, kuma wannan kuskure ne da ake yawan yi. Google Drive ba wurin wannan aiki ba ne: ana mantawa a buɗe izini, kuma idan mutane suka yi yawa a lokaci guda yakan dakatar da fayil ɗin na wani lokaci.

Shafinka ya fi, in kana da shi, domin kana iya sa maɓallin saye ko na rajista a ƙarƙashin bidiyon, babu wasu bidiyoyin da za su ja mutum gefe.

Gargaɗi: guji gajerun mahaɗai na kowa da kowa irin bit.ly. 'Yan damfara sun ɓata musu suna, har kamfanonin sadarwa a Amurka suna tace saƙonnin da ke ɗauke da su. Yi amfani da mai gajartawa na dandalinka ko adireshin da ke da sunanka. Ka sa mahaɗi ɗaya tak, a ƙarshen saƙon.

7. Rubuta saƙon, ka ƙirga haruffa

Ka fara da sunanka ko na sana'arka, domin lambar baƙuwa ce a wayar mutum. Jimla ɗaya ta faɗi abin da ke cikin bidiyon da tsawonsa, jimla ɗaya ta faɗi abin da kake so a yi, sai hanyar ficewa. Misali: "Makarantarmu ce. Kalli bidiyon minti 1 kan yadda ake rajistar sabon zango. Amsa STOP don a daina turo maka." Idan da suna kake turawa ba lamba ba, STOP ba zai iso ka ba, sai ka sa mahaɗin ficewa.

A nan akwai abin da ya shafi mai rubutu da Hausa kai tsaye. SMS ɗaya yana ɗaukar haruffa 160 idan duk na tsarin GSM ne, wato haruffan boko na yau da kullum. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ba sa cikin wannan tsari. Ko guda ɗaya ya shiga, saƙon gaba ɗaya zai koma Unicode, tsarin da ke ɗaukar haruffan kowane harshe, iyakar ta sauka zuwa 70. Idan saƙon ya tsinke gida-gida, kowane gida 153 ne a GSM, 67 a Unicode. Saƙo mai haruffa 150 da ya kamata ya zama ɗaya, ƙ guda ta mayar da shi uku. Emoji ma haka yake yi. Akwai kuma ɓoyayyen ɓarawo: ɗan waƙafin sama na kalmomi irin jama'a da 'yan. Idan a Word ka rubuta, yakan lanƙwasa shi, lanƙwasasshen kuma Unicode ne. Ka rubuta a cikin akwatin dandalin kai tsaye, kana kallon ma'aunin haruffa.

Ba ina cewa a zubar da ƙugiya ba tare da tunani ba. Cire ta kan juya magana, kamar faɗa da fada, ko ƙasa da kasa. Ko dai ka biya kuɗin rubutu daidai, ko ka zaɓi kalmomin da ba za su rikita ba. A MMS wannan damuwa ba ta taso ba, domin dandamali da yawa suna barin rubutu har haruffa 1,600 a kuɗi ɗaya.

Gargaɗi: idan kana sa sunan kowane mutum a cikin saƙon, ka auna da suna mafi tsawo a jerinka. Kuma ka tanadi abin da zai fito idan gidan suna babu komai, kada wani ya karɓi "Barka dai ," da rami a gaba.

8. Lissafa kuɗin kafin ka latsa

Dandamali da yawa da kiredit suke sayarwa: gidan SMS ɗaya kiredit ɗaya, MMS kuma sau da yawa uku. Mutum 2,000 da SMS mai gida ɗaya, kiredit 2,000. Da MMS, 6,000. Da SMS ɗin da Unicode ya raba uku, shi ma 6,000. Ka ga ke nan idan saƙonka na Hausa ne mai ƙugiya kuma MMS yana zuwa ƙasar, kuɗin ɗaya ne, gara ka tura MMS ka sami hoto a kai. Ka tambayi dandalin ko akwai hayar lamba ta wata-wata, kuɗin rajista, ƙarin da kamfanonin sadarwa ke ɗorawa a kan kowane saƙo, da ko ana cajin amsoshin da suka shigo. Ka bar rara kamar kashi goma cikin ɗari don gwaji da amsawa.

9. Gwada a wayoyi na gaske

Hoton gwaji da dandalin ke nuna maka a kwamfuta ba hujja ba ce. Tura wa Android da iPhone, a layuka daban-daban, har da tsohuwar waya in akwai. Duba ko bidiyon ya buɗu, ko muryar ta yi daidai da leɓe, ko rubutun kan bidiyon yana karantuwa, ko hoton farko da ke fitowa kafin a kunna ba baƙin allo ba ne. Latsa mahaɗin da data, ba da Wi-Fi kaɗai ba, kuma daga wayar da ba ta cikin asusunka, don ka ga abin da baƙo zai gani. Amsa STOP ka tabbatar an cire lambar, sannan ka mayar da ita.

Daga nan tura wa mutum 50 zuwa 100 daga cikin jerin, ka jira awa ɗaya ka duba rahoto. Saƙon da ya fita ba ya dawowa, don haka kuskuren da za a gani a ga shi a kan hamsin.

Gargaɗi: MMS yakan buƙaci datar waya a kunne kafin ya sauka, kuma wasu sun kashe shi a saitinsu. Ka sa rubutun ya wadatar da kansa, ta yadda wanda bidiyon bai sauka masa ba zai gane saƙon.

10. Saka lokaci ka tura

Da agogon mai karɓa za ka auna, ba naka ba. A Amurka ƙa'idar ita ce daga 8 na safe zuwa 9 na dare, wasu jihohin ma sun fi tsanantawa. MMS ya fi SMS jinkirin fita, babban jeri zai iya ɗaukar sa'o'i, saboda haka wanda ya fara da yamma lis na ƙarshen jerinsa cikin dare za su karɓa. Fara da hantsi, ka raba babban jeri kashi-kashi, kuma ka tabbata akwai wanda zai zauna ya amsa tambayoyi a awa biyun farko.

11. Karanta rahoto, ka gyara jerin

Kalmar "ya isa" a rahoto tana nufin saƙon ya shiga waya, ba ta nufin an kalla. Bidiyon da aka liƙa a MMS ba za ka san wanda ya kunna shi ba, mahaɗi kuwa zai nuna maka yawan waɗanda suka latsa, YouTube ko Vimeo kuma su nuna maka daƙiƙar da mutane suka fara ficewa.

Duba dalilin kowane saƙon da ya gaza. Idan lambar ce matacciya, cire ta. Idan gazawar ta taru a kan layi ɗaya, nauyin fayil ne ko tacewa, sai ka rage nauyin ko ka tura wa waɗannan SMS mai mahaɗi. Kada ka sake tura wa jerin gaba ɗaya don wasu ba su samu ba, waɗanda suka gaza kaɗai za ka ware. Waɗanda suka ce STOP kuma ka goge su daga fayil ɗinka na Excel, ba daga dandalin kaɗai ba, domin ranar da ka sauya dandali tsohon fayil ɗin za ka ɗora.